Misalan PySide6 da darussansa: abin da na gani a wajen aiki da koyarwa a Kaduna

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce ga masu shaguna da ƙananan makarantu a cikin Kaduna. Akwai ta lissafin magani a kemis, akwai ta kuɗin makaranta, akwai ta masu sayar da siminti da kwanon rufi. Duk irin waɗanda ake girkawa a kan kwamfutar shago ne su yi aiki ko da babu intanet. Ranar Asabar kuma ina zama da wasu matasa a wani ɗaki a Tudun Wada muna koyon Python, wani harshen rubuta manhaja. Da zarar yaro ya gaji da baƙin allo mai rubutu zalla, sai ya tambaye ni da me zai gina manhaja mai taga da maɓallai kamar wadda yake gani a banki. Amsata PySide6 ce. Kyan tagoginsa ba shi ne babban dalilina ba. Abin da ya ja ni shi ne tarin misalai da darussan da ke tafe da shi, da yadda masu shi ke kula da su. Su nake so in yi wa bita a nan, da alherinsu da inda suka gaza.

Ga wanda bai san shi ba, PySide6 ƙofa ce da mai Python ke bi ya yi amfani da Qt. Shi kuwa Qt tsohon kayan gini ne na manhajoji, wanda Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng suka fara a Norway, ya fito fili a 1995 ƙarƙashin kamfaninsu da aka sani da Trolltech. Nokia ta saye kamfanin a 2008, daga baya Qt ya koma hannun Digia, yanzu kuma The Qt Company ke riƙe da shi. In kana kallon bidiyo da VLC, ko kana amfani da Telegram na kwamfuta, ko kana yaɗa karatu kai tsaye da OBS Studio, to ka riga ka taɓa Qt ba tare da ka sani ba. Nokia ce ta fara fitar da PySide a 2009. PySide2 ya zama na kamfanin a hukumance a ƙarshen 2018, sannan PySide6 ya zo tare da Qt 6 a Disambar 2020.

Waccan shekarar ta 2020 ita ce tushen yawancin kukan da nake ji daga masu koyo. Akwai wani ɗan'uwan PySide mai suna PyQt, na kamfanin Riverbank Computing da ke Ingila, kuma shekara da shekaru shi mutane suka fi yi wa darasi. Saboda haka in yaro ya shiga YouTube neman yadda ake gina taga da Python, abin da zai fara cin karo da shi bidiyon PyQt5 ne na shekarun baya. Zai zauna ya kwafe shi layi bayan layi, ya canza sunan da ke sama zuwa PySide6, ya danna, sai jan rubutu ya cika masa allo. Daga nan sai ya zo mini da laftof a hannu: «Malam, wallahi yadda ya rubuta haka na rubuta, amma ya ƙi tashi.» Kuma gaskiyarsa ce. A Qt 5, ajin QAction (aji shi ne ƙunshin kod da ake ƙera abubuwa daga shi) yana cikin sashen QtWidgets. A Qt 6 an mayar da shi QtGui, don haka tun a layin farko shirin zai tsaya. QDesktopWidget, wanda tsoffin darussa ke amfani da shi wajen ajiye taga a tsakiyar allo, an cire shi gaba ɗaya. QRegExp ya ba QRegularExpression wuri. Abin da PyQt ke kira pyqtSignal, PySide na kiransa Signal kawai. Hatta exec_ mai ɗan layi a ƙarshe, wanda ya samo asali daga zamanin Python 2, PySide6 yana karɓarsa ne da gargaɗi, PyQt6 kuwa ya daina karɓa.

Mai bidiyon bai yi ƙarya ba. A ranar da ya ɗauka, abin yana aiki. Sai dai ya ɗora ya tafi harkarsa, Qt kuma yana fitar da sabon zubi kusan sau biyu a shekara, babu wanda zai koma ya gyara bidiyo. A nan ne misalan hukuma suka yi wa sauran fintinkau. Suna zaune ne a ma'ajiya ɗaya da kod ɗin PySide kansa, mutanen da ke canza kayan aikin su ne ke gyara misalan. In an mayar da wani aji daga nan zuwa can, misalin da ke amfani da shi yana bin sa. Shafin bayanan ma an ware shi bisa zubi, wato mai 6.5 yana da nasa, mai 6.8 yana da nasa. Abin da nake gaya wa ɗalibaina tun ranar farko shi ne su duba lambar zubin da suka girka, su buɗe misalan wannan zubin, su rabu da komai na waje sai sun iya gane tsoho da sabo da idonsu. Ana samun misalan a shafin Qt for Python, kowanne da hoton yadda yake fitowa da fayilolinsa, ana kuma iya sauke su gaba ɗaya da pip, wato kayan girka ƙunshin Python, a ƙunshin da ake kira PySide6-Examples.

Darasin da nake fara ba kowa shi ne na lissafin kuɗin kashewa. Yana farawa da taga wadda babu komai a cikinta. Sai a ƙara mata jerin zaɓi a sama, sai a koya maka haɗa danna maɓalli da aikin da zai faru, wato tsarin sigina da amsa wanda dukkan Qt ya ginu a kansa. Daga nan jadawali ya shigo a hagu da kuɗin ruwa da na wuta da na haya, wurin shigar da sabon abu a dama, a ƙarshe kuma zanen da'ira mai nuna inda kuɗin suka fi tafiya. Abin da na fi so a cikinsa shi ne kowane mataki shiri ne cikakke da zai tashi da kansa. Yaro ba ya jiran ƙarshen darasi kafin ya ga sakamako. Akwai ma wani ɗan mataki da ke kashe maɓallin ƙarawa har sai an cike gurbin suna da na kuɗi, kuma wannan ɗabi'a ce da nake so ta shiga jikin mai koyo da wuri, domin yaron shago zai danna duk abin da ya ga yana dannuwa.

Ina amfani da misalan ne yadda tela ke ba yaronsa ɗinkakkiyar riga ya warware ya ga yadda aka haɗa wuya da hannu. Ba na barin su kwafa su wuce. Sai na ce a cire wannan layin a ga me zai lalace, a canza wancan, a mayar da kuɗin haya ya zama buhun masara.

Wanda ya fi yi mini amfani a aikina na kuɗi shi ne misalin littattafai, mai amfani da rumbun bayanai na SQLite. A ido ƙaramin abu ne: jerin littattafai a jadawali, kowanne da marubucinsa da nau'insa da shekararsa da taurarin yabo. Amma a cikinsa akwai kusan duk ƙashin bayan manhajar shago. Yana nuna yadda QSqlRelationalTableModel ke haɗa jadawali biyu, ta yadda maimakon lambar marubuci sai sunansa ya bayyana. Yana nuna yadda QDataWidgetMapper ke sa guraben da ke gefe su canza da kansu in ka zaɓi wani layi. Ka mayar da littafi magani, marubuci ya zama kamfanin da ya kawo shi, shekara ta zama ranar da zai lalace, ka ga rabin manhajar kemis ta tsaya da ƙafarta. Mutum zai iya shafe makonni yana ƙirƙiro wannan da kansa da jerin bayanai da madaukai, ya ƙare da abin da ke nauyi da zarar kaya sun yi yawa. Wanda ya fahimci wannan misalin ya fahimci dalilin da ya sa Qt ke raba bayanai da abin da ke nuna su, kuma daga ranar rubutunsa ke canzawa.

Sai dai akwai abin da dole a faɗa wa mai koyo, tun da misalin bai ja hankali a kansa ba. Rumbun bayanan nasa a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake buɗewa, ba a fayil ba. Da ka rufe taga, duk abin da ka shigar ya tafi. Haka ma darasin kuɗin kashewa, ba ya ajiye komai. Ga wanda ke nuna yadda aji ke aiki wannan daidai ne, ba ya son ya bar maka tarkace a kwamfuta. Ga mu da ake ɗauke wa wuta ana tsakiyar ciniki, ajiya ita ce maganar farko. Dole malami ya ƙara darasinsa na mayar da rumbun zuwa fayil, da yadda ake haɗa rubuce-rubucen ciniki ɗaya su shiga tare ko su fasa tare, don kada wuta ta ɗauke an cire kaya daga sito ba a rubuta kuɗinsu ba.

Misalin littafin adireshi kuma ya nuna mini wani gibi da ya shafe mu kai tsaye. Yana raba sunaye a shafuka bisa harafin farko: ABC, DEF, GHI, har zuwa XYZ. Ka shigar da Dauda, zai fito a shafi na biyu. Ka shigar da Ɗanladi da ɗ ɗinsa mai lanƙwasa, sunan zai shiga amma ba za ka gan shi a kowane shafi ba, domin babu rukunin da ya san harafin. Haka duk sunan da ya fara da Ƙ ko Ɓ. Ba na ɗora wa marubutan laifi a kan wannan, sun rubuta ne da haruffan da suka sani, kuma Qt kansa yana nuna ƙ da ɗ da ɓ da alamar ₦ lafiya lau in salon haruffan (font) da aka zaɓa yana da su. Har QLocale, ajin Qt mai kula da harshe da ƙasa, ya san Hausa ta Najeriya. Amma babu misalin da zai gaya maka cewa binciken LIKE na SQLite ba ya ɗaukar Ƙ babba da ƙ ƙarama a matsayin harafi ɗaya, haruffan Ingilishi kaɗai yake yi wa wannan alfarma. Ma'aikaciyar makaranta za ta nemi sunan yaro da ƙaramin harafi ta ce ba ya cikin rajista, alhali yana nan. Na mayar da wannan misalin aikin gida: duk wanda ya gyara shafukan suka karɓi haruffan Hausa, ya kuma jera su inda ya dace, na san ya fara zama mai rubuta manhaja.

Babban kokena yana kan shafukan bayanin azuzuwa. Asalin bayanan Qt don masu C++, harshen da aka gina Qt da shi, aka rubuta su, kuma a can guntayen kod da ke cikin bayani yawanci daga fayilolin gaske ake ɗebo su. A ɓangaren Python kuwa, da yawa daga cikin guntayen na'ura ce ta juyo su daga C++. Su da kansu sun sa gargaɗi a shafukan cewa juyin na'ura ne kuma ana iya samun kuskure, wannan kuwa gaskiya ce da na yaba musu. Amma mai koyo ba ya karanta gargaɗi, kod yake nema. Sai ya kwaso abin da rabinsa Python ne rabinsa C++, ya rasa inda matsalar take, har ya fara zargin kansa. Bambancin a fili yake: cikakkun misalan da ake iya tayarwa abin dogaro ne, guntayen da ke tsakiyar bayani kuwa sai an tace. Ƙa'idar da na kafa a ajinmu ita ce a karanta bayanin don a san me aji ke yi da sunayen ayyukansa, amma in za a kwafi kod a kwafa daga misali mai tashi.

Abu na biyu, misalan ba su jeru daga sauƙi zuwa wuya ba. An kasa su ne bisa sashen Qt da suke nunawa, don haka wanda ya buɗe shafin karon farko zai ga na QML (harshen Qt na tsara fuskar manhaja) da na zane mai fuska uku da na Bluetooth a gaba ɗaya da na maɓalli guda. Masu Qt sun fi karkata ga QML a 'yan shekarun nan, kuma yana da kyau ga allon taɓawa da na mota. Ga manhajar shago mai jadawali da linzami da allon rubutu, sashen Widgets ne wurin zama. In babu mai nuna hanya, yaro zai ɓata mako yana koyon abin da ba ya buƙata. Kuma komai da Ingilishi yake, Ingilishin ma na masu sana'a.

Akwai abubuwan da kasuwarmu ke nema waɗanda babu su sam. Wani Alhaji mai kayan gini da na yi wa aiki a kusa da Kasuwar Barci bai damu da zanen da'ira ba. «Injiniya, ni dai in na danna rasit ya fito, da sunan shago a sama.» Akwai misalin takardar oda da ke nuna yadda ake tsara rubutu a aika wa firinta, kuma daga shi na ɗauki hanya. Amma an yi shi ne don babbar takarda. Ƙaramar firintar rasit mai faɗin milimita 58 ko 80, wadda ke kan teburin kusan kowane babban shago a Ahmadu Bello Way, sai ka zauna da QPrinter da QPageSize ka yi ta gwaji da kanka. Wannan ba abin da zan jira wani a Turai ya rubuta mini ba ne.

Maganar lasisi tana da muhimmanci ga duk wanda zai sayar da aikinsa, kuma a nan PySide6 ya yi mana adalci. Shi kansa yana ƙarƙashin LGPL, wanda ke ba ka damar sayar da manhajarka ba tare da ka buɗe kod ɗinka ba, muddin ka cika sharuɗɗansa. PyQt kuwa GPL ne, mai tilasta ka buɗe kod ɗinka in ka raba manhajar, ko ka sayi lasisin kasuwanci. Misalan suna da lasisin BSD, an rubuta a saman kowane fayil, wato kana iya ɗebo su ka sa a aikinka. Wurin da za a yi hattara shi ne Qt Charts, wanda ya zana da'irar nan ta darasin kuɗin kashewa: shi GPL ne ko na kasuwanci, ba LGPL ba. Mutum zai iya bin darasin farko da zuciya ɗaya ya saka shi a manhajar da zai sayar bai san ya shiga wani sharaɗi ba. Da an ja kunne a kan haka a cikin darasin da ya fi.

Nauyinsa ma abin dubawa ne ga mai sayen data da kuɗinsa. Cikakken PySide6 ya haura megabait 100 nesa ba kusa ba. Sauƙin da aka samu shi ne tun zubi na 6.3 an raba shi biyu, Essentials da Addons, kuma na farkon ya ishi mai gina taga da jadawali da rumbun bayanai. Abin da muke yi shi ne mutum ɗaya ya sauke da pip download inda intanet ke da ƙarfi, a zuba a filash, kowa ya girka daga nan. Wannan ya ƙara mana wani amfani: duk ajin zubi ɗaya muke riƙe da shi, misalin da ya tashi a wajen wannan zai tashi a wajen wancan.

Daga misalan nan na ɗauki yadda nake kula da nawa. Ina da folda ta misalan ajinmu: rasit na milimita 80, binciken suna mai gane haruffan Hausa, rubuta kuɗi da alamar naira da waƙafi, ajiye kwafin rumbun bayanai a filash kafin a rufe shago. Kowanne fayil ɗaya ne mai nuna abu ɗaya, mai tashi da kansa, an rubuta zubin PySide6 da aka gwada shi da shi a samansa. Duk lokacin da za mu koma sabon zubi, sai na raba wa ɗaliban su tayar da su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ƙi tashi a gyara shi kafin a ba sabon shiga. Aikin ba shi da daɗi, kuma ba wanda zai yaba maka a kansa, shi ya sa darussa da yawa a intanet suka mutu a tsaye. Amma na lura ɗalibin da ya gyara misalin da ya lalace ya fi wanda ya rubuta sabo fahimtar abin. Ina bin zubin da aka yi wa alkawarin dogon tallafi a ɓangaren Qt, irin 6.5 na 2023 da 6.8 na 2024, ba na tsalle kan kowane sabo.

Wa nake ba shawarar ya kama shi? Duk wanda ya riga ya san aji da aiki (class da function) a Python, yana da kwamfuta mai Windows 10 ko sama da haka, ko Linux, kuma yana son gina abin da zai sayar. Ya fara da darasin kuɗin kashewa, ya wuce littafin adireshi, ya daɗe a kan na littattafai. Wanda bai san aji ba tukuna ya dakata, domin kusan kowane misali da aji yake farawa. Sai kuma a duba kwamfutar mai shagon kafin a yi masa alkawari. Qt 6 ba ya tashi a Windows 7, kuma har yanzu akwai tsoffin kwamfutoci na hannu masu ita a shaguna da ofisoshin makarantu a garin nan. A irin wannan wurin ko dai a shawo kan mai shagon ya sabunta, ko a koma Python 3.8, wanda shi ne na ƙarshe da ke aiki a Windows 7, a yi aikin da PySide2 ko da Tkinter, kayan gina taga da ke zuwa tare da Python.